Bindigar Kakanmu Mai Baki Biyu da Kundin Kantin Landan

Jikan Maharbi:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Na zo da tambaya ne game da wata tsohuwar bindigar farauta mai baki biyu da muka gada daga kakan mahaifinmu, wadda tun rasuwar babanmu take hannun babban wanmu, domin shi ne yake da lasisinta. Abin da muka taso muka ji a gida shi ne, wani Baturen mulki ne ya ba kakan namu ita a shekarar da Turawa suka shiga Kano, wato 1903, saboda ya yi masa jagora a daji. Ba irin bindigar toka ba ce da ake ɗurawa ta baki. Karya ta ake yi ta tsakiya a sa harsashi biyu ta baya, kuma ba ta da 'yan gudumomin nan na waje da ake ɗanawa da babban yatsa. A doron da ke tsakanin bututun biyu an rubuta "Army & Navy C.S.L. London", sannan akwai lamba a jikin ƙarfen da ya kewaye kunama. Da na bincika sunan sai na ga kamar na kanti ne, ba na masana'antar makamai ba, har wani abokina ya ce ƙila jabu ce. Ina so in san ko akwai hanyar da za a gano wanda ya ƙera ta, da shekarar da aka ƙera ta, da kuma sunan Baturen da ya fara sayenta, domin a gidanmu babu wanda ya riƙe sunansa.

Tsohon Sufeto:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin masana su amsa maka, bari in gabatar da abin da ya shafi tsohon aikina. Kada ka sa cikakkiyar lambar bindigar a nan, kada kuma ka faɗi garin da take. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, da waɗanda mutum zai iya mallaka da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, da kuma bindigogin da ake ɗurawa ta baki, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha yake ba da izininsu. Taku tana cikin kashi na biyu, kuma tsufanta bai fitar da ita daga ƙarƙashin doka ba. Tunda wanka ne mai lasisi, duk dubawar da za a yi a yi ta a gidansa kuma a gabansa, ba sai an ɗauke ta an kai wani wuri ba.

Baƙon Birmingham:
Malam, abokinka bai yi daidai ba, kuma ina ganin ka yi sa'a ƙwarai da sunan da ke kan bindigar nan. Haruffan C.S.L. suna nufin ƙungiyar gama kai ce, wadda wasu hafsoshin sojan ƙasa da na ruwa na Ingila suka kafa a 1871 domin su riƙa sayen kaya da rahusa, kuma a wancan zamani babban kantinsu yana kan titin Victoria a Landan. Duk Baturen da aka tura aiki Indiya ko Afirka yana iya shiga wurin ya fito da tanti, da gadon tafiya, da gidan sauro, da abincin gwangwani, da bindigar harbin zabi, a yini guda. Har rassa suka buɗe a Bombay da Calcutta. Ƙungiyar ba ta ƙera bindiga da kanta. Tana saye ne daga maƙeran Birmingham, musamman kamfanin Webley & Scott, wanda aka samar a 1897 da haɗewar wasu tsofaffin gidajen ƙira, sai a zana sunan kantin a jiki. Wannan al'ada ce sananniya a cinikin bindiga na Ingila, ba algus ba ne. Kuma tunda an sauya wa ƙungiyar suna zuwa Army & Navy Stores a 1934, waɗannan haruffa uku sun riga sun nuna maka bindigar ta girmi wannan shekara.

Sa'ar da nake nufi ita ce, littattafan cinikin bindigogi na wannan kanti ba su ɓace ba. Kamfanin House of Fraser, wanda asalinsa na birnin Glasgow ne, shi ya saye kantin daga baya, kuma takardunsa suna ajiye a ma'adanar tarihi ta Jami'ar Glasgow. A cikin littattafan ana samun lambar bindiga, da wanda ya ƙera ta, da ranar da aka sayar da ita, da kuɗinta, da sunan wanda ya saya. Amma kafin ka rubuta musu, ka fara karanta abin da bindigar ta rubuta a jikinta. Wanka ya cire ɗan katakon gaba, ya raba bututun da gangar jikin, sai ku duba shimfiɗaɗɗen wurin da ke ƙarƙashin bututun, ku rubuto mana duk tambarin da kuka gani, ko da ba ku fahimce shi ba.

Ɗan Maƙera:
Ina roƙon arziki a kan wannan dubawa. Kada a sa sandifefa, kada a kankare da wuƙa, kada kuma a jiƙa ta da ruwan batir kamar yadda wasu suke yi wa tsohon ƙarfe don ya yi ƙyalli. Tamburan nan ba su da zurfi, kuma na sha ganin kayan tarihi da masu su suka goge rubutunsu da hannunsu saboda son su ga sun yi fes. Ɗan man keken ɗinki da tsumma mai laushi sun isa. Idan tsatsa ta rufe wurin, a bar man ya kwana a kai, sannan a shafa garin alli a goge sama-sama, sai farin ya zauna cikin ramin haruffan su fito. A haska fitila daga gefe, ba daga sama ba.

Jikan Maharbi:
Na gode, Baba Sufeto, kuma na kiyaye. Jiya na je gidan Yaya muka yi yadda aka ce, kuma dabarar alli ta yi aiki. Ga abin da muka gani a ƙarƙashin kowane bututu: kambun sarauta a kan haruffan BP, wani kambu a kan BV, wani kuma a kan NP. Akwai lamba 12 da harafin C a ƙarƙashinta, cikin wani zane mai kusurwa huɗu da ya tsaya a kan tsininsa. Akwai 13/1. Akwai rubutu mai cewa "NITRO PROOF 1⅛ oz", sannan a bututun hagu kaɗai an ƙara kalmar "CHOKE". Wani abin da ya ɗaure mana kai shi ne, mun sami wata lamba ta biyu a ƙarƙashin bututun, wadda ta sha bamban da ta wajen kunama.

Baƙon Birmingham:
Madalla. Duk waɗannan tamburan na gidan gwajin bindigogi na Birmingham ne, wanda majalisar dokokin Ingila ta kafa a 1813, kuma har yau yana nan a titin Banbury yana aiki. Dokar ƙasar ta hana sayar da bindigar da ba a gwada ba, don haka kowace sai an kai ta an ɗura mata albarushin da ya fi ƙima an harba, idan ba ta fashe ko ta kumbura ba sai a buga mata tambari. Amfanin wannan ga mai bincike shi ne, ƙa'idojin tamburan sun sauya a shekaru sanannu, kuma kowane sauyi ya zama kamar shinge.

Kafin 1904 tambarin Birmingham sanduna biyu ne na sarauta da aka gicciya, da kambu a sama da haruffa a tsakankaninsu. Kambu a kan BP da BV da NP sun shigo ne da ƙa'idojin 1904. Daga 1925 kuma aka fara buga tsawon ɗakin harsashi da inci, misali 2½, kuma kai ba ka ambaci wannan ba. Bugu da ƙari, daga 1921 gidan gwajin ya fara sa wani ɗan mitsitsin tambari mai harafin da ke nuna shekara, wanda shi ma ba ka gani ba, ko da yake yana da ƙanƙanta ƙwarai kuma tsatsa tana iya cinye shi. Saboda haka abin da zan iya tsayawa a kai shi ne, an gwada bututun nan tsakanin 1904 da 1925, kuma mai yiwuwa kafin 1921.

Sauran kuma ga fassararsu. Lamba 12 tana nufin girman harsashin da take ci, kuma asalin lissafin shi ne, idan aka raba laba ɗaya ta dalma gida goma sha biyu aka mulmula kowane kashi, ƙwallo ɗaya zai cika bakin bututun. 13/1 shi ne ainihin faɗin ramin da ma'aunin masu gwaji ya nuna a ranar gwajin, wanda ya ɗan gaza cikakken 12. Oza 1⅛ nauyin ƙwayoyin dalmar da aka tsara ta ɗauka ne. Kalmar da ke bututun hagu tana nuna an ɗan tsuke bakinsa domin ƙwayoyin su tafi a dunƙule su kai nesa, shi ya sa maharba suke fara harbi da na dama idan tsuntsu ya tashi kusa, su bi shi da na hagu idan ya yi nisa. Lambobi biyun kuwa ba abin damuwa ba ne, domin sau da yawa maƙeri yana buga tasa, kanti kuma ya buga tasa. Ka aika musu duka biyun, ka bayyana inda ka ga kowacce.

Sai dai ka yi haƙuri da abin da wannan yake nufi ga labarin gidanku. Bindigar da aka gwada a ƙarƙashin ƙa'idojin 1904 ba ta yiwuwa a ce tana Kano a watan Fabrairun 1903.

Dillalin Kayan Da:
Ni fa ban yi mamaki ba. Shekaru ina wannan sana'a, kuma ban taɓa sayen takobi ko sulke ko bindiga a hannun magada ba face an ce da shi aka yi wani babban yaƙi ko kuma wani babban mutum ne ya bayar. Kowa yana son kayan gidansu ya jingina da shekarar da kowa ya sani. Gaskiyar da ta fi yawa ita ce, Bature ya gama aikinsa zai koma gida, ya sayar wa akawunsa ko kukunsa da kayan da ba ya son ɗauka, daga nan kayan su yi ta sauya hannu. Kuma kada a sa rai da kuɗi, domin bindigogin Birmingham marasa ado irin wannan an ƙera su da yawan gaske, kuma a kasuwar gwanjo ta Ingila ba su da wata daraja idan aka gwama su da na shahararrun maƙeran Landan irin su Purdey ko Holland & Holland. Ni shawarata ita ce, a bar wahalar rubuta wasiƙa, tunda ƙarfen ya riga ya ƙaryata labarin.

Jikan Maharbi:
Alhaji, ba don sayarwa muke bincike ba, kuma ko nawa aka taya Yaya ba zai sallama ba. Amma ina da tambaya ga Malam na Birmingham, domin na faɗa wa Yaya abin da aka ce bai ji daɗi ba. Shin ba ya yiwuwa a ce bindigar ta girmi 1904, daga baya aka mayar da ita Ingila aka sake gwada ta ko aka sauya mata bututu, shi ya sa take ɗauke da sababbin tambura?

Baƙon Birmingham:
Tambayar tana kan hanya, kuma irin wannan yana faruwa, musamman a lokacin da aka koma daga baƙin albarushi zuwa marar hayaƙi, mutane suka riƙa mayar da tsofaffin bindigoginsu a sake gwada su. Amma idan aka sake gwaji ba a share tsohon tambari, sai dai a ƙara sabo kusa da shi, don haka da kun ga iri biyu. Idan kuma bututun aka sauya gaba ɗaya, gangar jikin za ta tona asiri, domin ita ma ana buga mata tambarin dubawa a shimfiɗaɗɗen wurin da bututun yake kwanciya a kai. Ku duba nan. Idan gicciyayyun sanduna kuka gani, to Yayanka yana da hujja. Ta fuskar ƙira kam babu abin da ya hana ta girmi 1903, domin irin wannan tsari na ɓoye gudumomi a cikin gangar jiki William Anson da John Deeley, ma'aikatan kamfanin Westley Richards, suka yi rajistarsa tun 1875. Tambarin ne kawai alƙali a nan.

Jikan Maharbi:
Mun duba. Kambu ne a kan BV, iri ɗaya da na bututun, kuma babu alamar wani tsohon tambari a ko'ina.

Malamar Tarihi:
Na bi wannan zance tun farkonsa, kuma ina so in saɓa wa Alhaji Dillali, duk da na yarda da hukuncin tamburan ɗari bisa ɗari. Abin da ƙarfen ya ƙaryata shekara ce, ba labarin ba, kuma ina shakkar ko shekarar tana cikin labarin tun asali. Malam Jikan Maharbi, ka tuna da kyau, shin tsofaffinku sun ce 1903 da bakinsu, ko kuwa "zamanin zuwan Turawa" suka ce, sai wani ɗan boko a gidan ya buɗe littafin makaranta ya maƙala wa maganar lamba? Kakanninmu ba da irin wannan ƙidaya suke riƙe lokaci ba. Da sarautar wane suke riƙe shi, da shekarar yunwa, da shekarar fara, da zuwan jirgin ƙasa. "Zuwan Turawa" a bakin tsoho yana iya ɗaukar duk abin da ya faru tun daga ranar da Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja a farkon 1900 har zuwa bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914, domin a ƙauyuka da yawa sai bayan shekaru da cin Kano da Sakkwato mutane suka fara ganin Bature da idonsu, lokacin da ya zo rangadin ƙidayar haraji.

Duk wanda ya yi aiki da tarihin baka ya san yana da halinsa: yana riƙe dangantaka da dalili da kyau, wato wane ya ba wane, kuma saboda me, amma yana matse shekaru ya tura su jikin babban abin da ya fi kusa. Takarda kuma tana da nata halin. Littafin kantin Landan zai faɗa maka ranar da bindigar ta fita daga kanti da sunan wanda ya biya kuɗi, daga nan ya yi shiru, domin akawun da ya rubuta shi ba ruwansa da inda ta tafi bayan an biya. Tsakanin wannan rana da ranar da ta shiga hannun kakanku akwai rata, kuma babu wani kundi a Glasgow da zai cike ta. Saboda haka kafin ka aika wasiƙa Turai, ka nemi mafi tsufa a danginku, musamman mata, ka zauna da ita ba tare da ka ambaci wata shekara ba. Ka tambaye ta wane sarki ne yake kan gado, ko akwai jirgin ƙasa a lokacin, da kuma laƙabin da mutane suke kiran Baturen da shi, domin da wuya a ce Bature ya zauna a ƙasar Hausa ba a raɗa masa suna ba.

Dillalin Kayan Da:
Hajiya, ban ƙi maganarki ba, amma idan duk lokacin da hujja ta saɓa wa labari za mu ce ai ba haka tsofaffi suke nufi ba, to babu labarin da zai taɓa faɗuwa. Ni abin da nake gudu shi ne, a je wurin tsohuwa da amsa a aljihu, ita kuma ta faɗi abin da ta ga ana so.

Malamar Tarihi:
Wannan gargaɗi ne mai kyau, Alhaji, kuma shi ya sa na ce kada ya ambata mata shekara, kada kuma ya gaya mata abin da tamburan suka nuna. Idan ta kawo abin da ya faɗa tsakanin 1904 da 1925 ba tare da ta san wannan shinge ba, to shaidu biyu ne da ba su haɗa baki ba. Idan kuma ta nace cewa da bindigar aka tsaya a bakin ganuwar Kano, ni ce ta farko da zan ce labarin ya faɗi.

Ɗan Damagaram:
Ina gaishe da jama'a daga wannan ɓangaren iyaka. A wurinmu tsofaffin bindigogin farauta na Faransa ne suka fi yawa, kuma mafi shahara su ne na kamfanin Manufrance da ke birnin Saint-Étienne, wanda aka kafa a 1885 kuma yake sayar da kaya ta hanyar wani ƙaton littafin talla da ake aikawa har ƙasashen da Faransa ta mallaka. Mai baki ɗaya da ake kira Simplex ta bazu ƙwarai a Afirka ta Yamma, sai kuma mai baki biyu da ake kira Robust, wadda ta fito a 1913. Kamfanin ya durƙushe, amma takardunsa suna ma'adanar tarihi ta lardin Loire. Abin da nake so in ƙara shi ne gargaɗi ga masu karatu da za su je su duba nasu kayan gadon: ba kowane sunan Ingilishi da ke kan bindiga ba ne na Ingila. Maƙeran birnin Liège na ƙasar Beljiyam sun ƙera bindigogi masu araha da yawa suka zana musu sunaye masu kama da na shahararrun gidajen Ingila, irin su "W. Richards", domin mai saye ya zaci Westley Richards ce. Idan ka ga haruffan E, L da G a cikin zane mai siffar ƙwai, to a Liège aka gwada ta, kuma idan akwai kambu a saman ƙwan, daga 1893 ne zuwa sama. Irin waɗannan da wuya a sami littafin da ya rubuta mai sayensu, don haka ɗan'uwanmu ya gode wa Allah da tasa ta fito daga kantin da ya iya ajiye lissafi.

Ma'ajin Takardu:
Na yi shekaru ina aiki da tsofaffin fayilolin mulkin mallaka kafin in yi ritaya, kuma ina so in yi magana a kan ratar da Hajiya ta ambata, domin ba gaba ɗayanta ba ce babu takarda. Idan Glasgow suka ba ka suna, aikin bai ƙare ba, a nan ma ya fara. Sau da yawa za ka sami sunan mahaifi ne kawai da harafin farko na sunan yanka, wani lokaci da muƙamin soja, kuma kana iya samun mutum uku masu wannan suna a zamani ɗaya. Abin yi shi ne ka gwada sunan da jerin ma'aikatan gwamnati da ake bugawa a lokacin, wanda yake nuna ranar da aka ɗauki kowane Razdan da Di'o da lardin da aka tura shi. Idan soja ne, ka neme shi cikin hafsoshin rundunar Afirka ta Yamma da aka kafa a 1897. Ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana da fayilolin larduna, da rahotannin shekara-shekara, da rahotannin ƙiyasin haraji waɗanda Baturen da ya yi rangadin yake sa wa hannu, sannan akwai Gidan Arewa a nan Kaduna ɗin. A Ingila kuma, ma'adanar ƙasa da ke Kew tana da jerin fasinjojin jiragen ruwan da suka tashi daga tashoshin ƙasar tun daga 1890 zuwa 1960, ciki har da na kamfanin Elder Dempster da suke tasowa daga Liverpool zuwa Legas. Idan ka ga mutum ya sayi bindiga a Landan, bayan mako biyu ko uku sunansa ya fito cikin fasinjojin Legas, sannan ka ga sa hannunsa a rahoton gundumarku, to ka kama zaren.

Akwai kuma wata ƙofa da mutane ba su cika tunawa da ita ba. Tun yarjejeniyar Brussels ta 1890 ƙasashen Turai suka amince su taƙaita shigar bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, kuma gwamnatin mulkin mallaka ta bambanta bindigar toka, wadda maharba da 'yan bindigar sarki suke riƙewa, da irin wadda ake ɗurawa ta baya. Ɗan ƙasa ba ya riƙe irin ta biyun haka kawai sai da izini, kuma izini yana barin sawu a takarda. Saboda haka ka tambayi Yayanka ko a cikin akwatin da ake ajiye lasisi akwai tsofaffin rasiɗai na zamanin En'e, domin ko ɗaya aka samu mai ɗauke da lambar bindigar da sunan kakanku, ya ba ka shekarar da babu shakka tana hannunsa. Sai dai ka shirya wa yiwuwar cewa wanda ya saya a Landan bai taɓa taka ƙasar nan ba, domin Turawan suna sayar wa junansu kaya idan ɗaya zai tafi hutu ko ya rasu, kuma bindiga tana iya ratsa hannu biyu ko uku kafin ta iso inda ta tsaya.

Ɗan Maƙera:
Abu ɗaya ya rage a raina tun da aka fassara tamburan. Bindigogin Ingila na wancan zamani yawancinsu ɗakin harsashinsu inci 2½ ne, wato milimita 65, alhali harsashin da ya fi yawa a yau inci 2¾ ne, wato milimita 70. Dogon yana shiga ya zauna lafiya lau, domin bakin kwanson a naɗe yake, sai an harba ya buɗe sannan ya rasa wurin miƙewa, ƙarfin ya ƙaru a cikin ƙarfen da ya haura shekara ɗari kuma tsatsa ta ci shi ta ciki. Tambarin gwaji shaida ce ta lafiyarta a ranar da aka buga shi, ba ta yau ba. Ku rataye ta, kada wani ya ce zai gwada ta ranar sallah.

Jikan Maharbi:
Ina neman afuwar jama'a saboda shirun kwanakin nan, tafiya na yi zuwa wurin gwaggon babanmu, wadda ita ce ta rage a cikin 'ya'yan mai bindigar, kuma ita ce autarsa. Na bi shawarar Hajiya, ban ambaci shekara ba, ban kuma gaya mata abin da muka gani a jikin ƙarfen ba. Ba ta yi maganar cin Kano ba ko sau ɗaya. Ta ce abin da ta ji daga mahaifiyarta shi ne, baban nata ya yi shekaru yana bin wani Bature rangadi, shi yake nuna masa inda zabi da gada suke, shi kuma yake riƙe masa wannan bindiga, har mutane suka riƙa yi masa kirari da ita tun ba ta zama tasa ba. Ta ce a lokacin jirgin ƙasa ya riga ya iso Kano, domin a jirgi Baturen ya tafi. Da na tambaye ta ina ya tafi, sai ta ce yaƙin Jamus aka kira shi, can wajen Garwa, ya bar bindigar a hannun baban nata ajiya ya ce zai dawo ya karɓa, kuma bai dawo ba. Ta ce har ya tsufa baban nata ba ya cewa bindigarsa, sai dai ya ce bindigar Bature, kuma 'ya'yansa maza ne suka mayar da ajiyar kyauta a bakinsu bayan rasuwarsa. Ta kuma tuna laƙabin da ake kiran Baturen da shi, na rubuta na ajiye.

Ma'ajin Takardu:
To, wannan ya ba ka abin riƙewa. Layin dogo ya isa Kano a 1911, yaƙin Kamaru kuma an fara shi a watan Agustan 1914 aka gama a Fabrairun 1916 da miƙa wuyan Jamusawan da ke dutsen Mora. Sojojin Najeriya sun kai wa Garwa hari a ƙarshen Agustan 1914 aka kore su da asarar hafsoshi, sai a watan Yunin 1915 garin ya faɗi. Duk wannan yana cikin shingen da tamburan suka ba mu. Idan ka rubuta wa Glasgow, ka ba su lambobin biyu da girman harsashi da rubutun da ke doron bututun, amma kada ka ba su labarin, ka bar littafin ya faɗi nasa. Idan sunan ya zo, ka fara nemansa cikin hafsoshi da ma'aikatan mulki da aka tura Kamaru daga lardunan Arewa, sannan ka duba jerin waɗanda suka mutu a can, domin rashin dawowarsa yana iya zama mutuwa, yana kuma iya zama sauyin wurin aiki kawai.

Dillalin Kayan Da:
Na janye rabin maganata, Hajiya. Ragowar rabin kuma ina riƙe da ita sai an ga ko ranar sayarwar ta riga 1914.

Jikan Maharbi:
Na aika wasiƙar yau da safe da lambobin biyu da hotunan tamburan. Yaya kuma ya ce akwai wata tsohuwar jakar fata a cikin adakar babanmu da ba a taɓa zazzage ta ba tun rasuwarsa, kuma ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za mu buɗe ta mu ga ko akwai rasiɗan da Baba Ma'aji ya ambata.